Mai Gadin da Ba Ya Riƙe Fuska

"Ni fa, Goggo, ba cika baki ba, in na ɗaure saba, ko iska ce ta zo wucewa sai ta tsaya ta nuna takarda."

Injiniya ke nan, tsaye a ofishin Goggonsa da safiyar Asabar, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan yana karkaɗa makulli. Kar ka tambayi wace jami'a ce ta ba shi injiniyancin, don shi kansa in ka matsa masa da tambayar sai tari ya sarƙe shi. Abin da dai aka sani, ya yi kwas na mako uku a wayarsa, ya fito da kalma guda wadda ko mafarki yake sai ya ambace ta: gajimare. Ka ce masa ina kwana, ya ce ai komai yanzu ya koma gajimare. Ka ce masa takalminka ya tsinke, ya ce matsalarmu ke nan, mun ƙi hawa gajimare.

Makarantar ta Goggo ce, ɗalibai ɗari huɗu da 'yan kai. Babansa, wato yayanta, shi ya roƙe ta ta sama wa ɗan nasa abin yi, don ya gaji da ganin ƙato ɗan shekara talatin a falo yana musu da talabijin. Ita kuwa saboda zumunci ta miƙa masa makullin ɗakin kwamfuta, ta ce gwaji ne na mako guda. Ɗaki ne mai fanka da labule da kujera mai juyawa. Kujerar nan, in gaya maka gaskiya, ta shiga ran Injiniya fiye da abinci, har hoto ya ɗauka a kanta ya tura wa dangi kaf.

Kafin zuwansa Malamar lissafi ce ke kula da shafin intanet na makarantar, shekara uku, tsakanin darasi da darasi, ba wanda ya taɓa jin kanta. Shafin yana zaune ne a cikin saba, wato wata kwamfuta da aka ɗauka haya can wata uwa duniya, ba a ganinta, sai dai a ba ta umarni daga nesa. Ita ce gajimaren da ake ta faɗa. Ranar kuma ba ta wasa ba ce, don an riga an tura wa iyaye saƙo cewa ƙarfe goma daidai kowa ya buɗe wayarsa ya ga sakamakon jarrabawar ɗansa.

Goggo ta dube shi ta saman tabarau. "Ni ban san saba ba, ban san sabo ba. Shafin nan jiya lafiyarsa ƙalau. Me ya sa sai yau za ka taɓa shi?"

"Lafiya ƙalau? Goggo, a wangale yake kamar tashar mota. Masu kutse suna can suna lasar baki. Minti goma kawai ki ba ni, in sa masa gadin da ba a taɓa gani ba."

"To ka ji da kyau. In goma ta buga ba a ga sakamako ba, zan daure zuwa sha biyu saboda darajar babanka. Sha biyu na bugawa, ka ajiye mini makullina a nan." Ta dangwala yatsa a kan tebur don kar ya ce bai ga wurin ba.

Malamar lissafi tana gefe tana jera takardu. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Injiniya, wane gadin za ka sa? Don iri biyu ne fa."

"Malama, da kin bar wa masu abu abinsu."

"Akwai wanda na sa tun tuni," ta ci gaba kamar ba ta ji shi ba. "Shi irin Baba mai gadi ne. In ya ga mutum ya shigo da izini sai ya riƙe fuskarsa, in zai fita ba ya tambayarsa komai. Ɗayan kuwa, na can bakin layin intanet, ba ya riƙe fuskar kowa. Takarda biyu ce a hannunsa, ta shiga daban, ta fita daban. Ko yanzu ka wuce shi ka juyo, baƙo ne kai a wurinsa. In ka rubuta masa ta shiga ka manta ta fita..."

Ina, bai bari ta ƙarasa ba. Idonsa ya riga ya kawo wuta.

"Ba sani ba sabo ke nan. Ai wannan shi ne gadi, ba naki mai gaishe-gaishe ba. Shi zan sa. Kai, shi ma Baban yau zai koyi aiki."

Ya fizgi farar takarda biyu, ya nufi bakin get. Baba mai gadi yana zaune a bencinsa da 'yar rediyonsa. Shekararsa ashirin a ƙofar nan, ya san kowane yaro da ubansa da babur ɗin ubansa. Injiniya ya tsaya a kansa ya yi masa lacca a kan tsaron zamani, sannan ya danne takarda a jikin get ya rubuta. A ta shiga ya sa malamai, ya sa iyayen yara, ya sa INJINIYA da manyan baƙaƙe, har da layi biyu a ƙasa. A ta fita ya sa malamai da iyayen yara, ya rufe biro.

"Daga yau ba ruwanka da fuska, Baba. Takarda kawai. Wanda ba ya ciki, ko ni ne, kar ka buɗe."

Baba ya gyara tabaransa da aka ɗaure wa hannu da zare, ya karanta a hankali. "Ko kai ne, Yallaɓai?"

"Ko ni ne."

"To ai ban ga sunanka a ta fita ba."

"Ina zan je? Ni da ka gan ni a nan, na zo ke nan."

Baba ya ce to, ya ninke takardunsa ya sa a aljihu.

Gogan naka ya koma ɗaki, ya kunna fanka, ya juya a kujera sau uku don ƙwaƙwalwa ta ɗau zafi. Ya buɗe wurin dokokin mai gadin bakin layi. A can komai ƙofa-ƙofa ne, kowace da lambarta, masu zuwa kallon shafi kuma ta ƙofa biyu suke bi, ta 80 da ta 443. Wannan kam ya tuna daga kwas, ya rubuta su a takardar shiga. Da ya zo kan ta fita sai ya yi murmushin mugunta. Fita? Sakamakon 'ya'yan mutane ne za a bari ya riƙa fita yawo? Ya bar ta a garƙame, ba ƙofa ko ɗaya. Ya danna, ya miƙe ƙafa a kan tebur.

Sai ya ce bari ya leƙa shafin ya ga kyan aikinsa. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar allo yana juyawa. Ya jira. Zobe yana juyawa. Ya sake dannawa, zobe ya sake sabon juyi. Ya danna, ya danna, ya danna, har yatsansa ya soma zafi.

Abin da ke faruwa kuwa ba wani asiri ba ne. Tambaya tana shiga lafiya lau, saba tana ɗauko amsa ta kawo bakin ƙofa, sai mai gadi ya dubi takardar fita ya ga wayam, ya ce koma. Amma wa zai gaya wa Injiniya?

"Netwok ne," ya ce da fanka.

Ya kashe na'urar intanet ta makarantar ya kunna. Ya hau kujera mai juyawa don ya gyara eriyarta, kujera ta yi aikinta na juyawa, ya sauko ba da niyya ba, gwiwar wandonsa ta yage. Yana cikin kakkaɓe jiki goma ta buga, wayar Goggo ta soma ruri kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Ta leƙo. "Kai, iyaye sun ce wani zobe suke gani."

"Alamar tsaro ce, Goggo. Yana tantance su ne ɗaya bayan ɗaya."

"Ni ma tawa wayar zoben take yi."

"Ai wayar taki ta tsufa."

"Kai ka zaɓa mini ita watan jiya."

Ta tafi amsa waya. Malama ta zo wucewa da alli a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa. "Ka rubuta ta fita kuwa?"

"Tun yaushe," in ji shi, yana kare allo da kafaɗa.

Tana ba da baya ya yi wuf ya buɗe takardar fita. Ya yi tunani irin na manya: ai ta ƙofar da mutum ya shigo ta nan zai fita. Ya rubuta 80, ya rubuta 443, ya danna. Zobe ya ce ina nan. Gumi ya keto masa duk da fanka. Ya leƙa waje ya yi gyaran murya.

"Malama, zo in gwada ki da wata 'yar tambaya, in ga ko kin san aikin. A ce wani ɗalibi ya buɗe 80 da 443 a ta fita, amma abu ya ƙi. Me za ki ce masa?"

"Sai in ce wa ɗalibin amsa ba ta nan take komawa ba. Wayar kowane uba in ta aiko tambaya, takan buɗe wata 'yar ƙofa tata ta wucin gadi, ta ce a kawo mini amsa ta nan. Lambar ƙofar kuwa ba a saninta sai ta zo, tana iya zama kowacce daga 1024 zuwa 65535. Sai ɗalibin ya bar wa amsa hanya zuwa dukkansu."

Injiniya ya dafe ƙirji. "Ƙofa dubu sittin da wani abu? Malama, gida ne ko rariya? Ashe shekara uku haka kika bar mu a tsirara. Kin faɗi jarrabawar, je ki kawai."

Ta ɗaga kafaɗa ta tafi. Wallahi mace mai haƙuri irin wannan sai an tona.

Sha ɗaya saura kaɗan, iyayen da suka gaji da kallon zobe suka soma zuwa da ƙafarsu. Baba yana duba takarda yana buɗe musu. Kafin ka ce me, harabar makaranta ta cika da babura da masifa. A gaba-gaba akwai wani direban tanka, mutum mai murya kamar hon ɗin motarsa, wanda ya ajiye lodi a hanya don ya ga sakamakon 'yarsa ta fari.

Injiniya yana jiyo su ta taga. Cikin kame-kame ya faɗa wa rajistar da ke nuna duk wanda ya ƙwanƙwasa wa saba ƙofa, kowa da lambar adireshinsa. Nan ya ga abin da ya sa ya miƙe zumbur. Wata lamba guda, 203.0.113.47, ta ƙwanƙwasa sau ɗari uku da goma sha ɗaya tun ƙarfe tara. Ba hutu, ba kunya.

"Na kama ka, ɗan banza."

Dokokin mai gadin nan bi da bi ake karanta su, mai ƙaramar lamba ita ce gaba. Saboda haka ya ba wa ɓarawo doka ta ɗaya sukutum: wannan adireshi, ko da kuka ya zo, kar a bar shi ya shiga. Sannan ya gyara wuyan riga, ya ja allon sanarwa zuwa tsakiyar haraba, ya rubuta ƁARAWO da jan alli, ya zana lambar a ƙasa.

"Iyaye, ku kwantar da hankalinku. Hari aka kawo mana daga ƙasar waje. Ƙwararren ɗan kutse ne, tun safe muke dambe da shi, ku dubi gwiwata. Ba don Allah ya sa ina nan ba, da yanzu ya mayar da na ɗaya na ƙarshe."

Iyaye suka soma gyaɗa kai. Har Goggo ta ɗan saki fuska, ta soma tunanin ko dai ta raina ɗan yayanta ne.

Direban tanka ya ce, "To in ya biyo sawu ya zo nan fa?"

"Baba, kawo takardun nan."

A gaban kowa ya ƙara layi a ta fita: Ɓarawo, a fitar da shi nan take. Ya miƙa wa Baba yana hura hanci. Wasu har da tafi.

"Madalla," in ji direba. "Tunda an kama shi, sai a ba mu sakamakon."

Injiniya ya koma ɗaki da rakiyar mutum wajen ashirin, ya zauna, ya danna da yatsa ɗaya kamar mai yanka kintinkiri. Zobe. Ya sake. Zobe. Ya ce ɓarawon ya bar guba ne, sai ta ɗan lafa. Agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata, ya koma saura goma, Injiniya yana ta zufa yana ambaton sunayen cututtukan kwamfuta da shi kaɗai ya taɓa jin su.

Saura minti biyar Goggo ta ce, "Tashi."

"Goggo, ai yanzu nake gab da..."

"Tashi mata a kujerar."

Ya tashi. Abin ya yi masa ciwo har cikin ƙashi, don tun da aka ba shi kujerar ko jakar wani bai yarda an ɗora a kanta ba. Malama ta zauna, ta goge allin hannunta a gefen mayafi, ta ƙara layi guda a takardar fita: 1024 zuwa 65535, a bari. Ko minti ɗaya ba ta yi ba.

Waya ta yi ƙara a aljihun wani, sai ta wani, sai haraba ta ɗauka gaba ɗaya. Direban tanka ya kurma ihu, "Ta uku! 'Yata ta zo ta uku!" Ya rungumi wanda ke kusa da shi, wanda nasa ɗan ya zo na talatin da takwas.

Kai ka ce Injiniya zai yi shiru? Borin kunya ya motsa. Ya leƙa kwamfutar tebur, ya ga ita har yanzu zobe take yi, ya nuna ta da hannu biyu.

"Kun gani? Gyaran gangan ne. Ga babbar kwamfuta nan ta ƙi buɗewa. Waya ai ba ma'auni ba ce. Ni na san ɓarawon nan bai tafi ba."

"Bai tafi ba kam," in ji Malama. "Su iyaye da datar wayarsu suke buɗewa. Wannan kuwa da intanet ɗin makaranta take. Injiniya, taimaka ka tambayi kwamfutar nan lambar adireshinta, tunda kai ne masani."

Ya tambaya, don ba yadda zai yi. Lamba ta fito ɓaro-ɓaro a allo. Direban tanka, da yake mutum ne mai son tabbatar da lambar mota, ya karanta ta da ƙarfi. "Biyu, sifili, uku." Wani daga haraba, yana kallon jan alli, ya amsa, "Biyu, sifili, uku." Haka suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, wannan ya faɗa wancan ya amsa, har suka dire a kan arba'in da bakwai tare.

Direba ya juyo a hankali. "Wa ke zaune a kan kwamfutar nan tun ƙarfe tara?"

Ido wajen arba'in ya sauka a kan yagaggiyar gwiwa.

"Sau ɗari uku da goma sha ɗaya," in ji Malama, tana goge dokar farko. "Ai ka yi ƙoƙari, yatsa ne ya sha wuya."

Dariyar da aka yi har tantabarun kan rufi sai da suka tashi. Agogo ya buga sha biyu. Goggo ta miƙa tafin hannu kawai. Ya ciro makulli ya ɗora, ita kuma ta ajiye shi a gaban Malama.

Gogan naka ya ga babu sauran zama. Ya rungumi jakarsa, ya bi jikin katanga sumui-sumui, ya isa get daidai lokacin da iyaye suka soma jeruwa za su fita. Ya sa kai zai wuce, sai sandar Baba ta gitta a gabansa.

"Wane ne?"

"Haba Baba, ni ne fa. Injiniya."

Baba ya zaro takarda, ya gyara tabarau, ya bi ta da yatsa ba gaggawa. "Injiniya yana ta shiga. A ta fita babu shi."

"Baba, ɗazu-ɗazun nan muka gama magana da kai."

"Da can ina riƙe fuska, Yallaɓai. Yau da safe aka hana ni."

Layi ya taru a bayansa, babura suna hon, direban tanka yana numfashi a ƙeyarsa. Injiniya ya rage murya. "Don girman Allah, Baba, ka rufa mini asiri."

"Ni ba ni da ta cewa, takarda ce ke aiki. Suna uku ne a nan." Baba ya ɗaga ta sama yadda na baya ma za su gani. "Malamai. Kana koyarwa a nan?"

"A'a."

"Iyayen yara. Kana da ɗa a nan?"

"Ko aure ban yi ba, Baba."

"To saura ɗaya. Rubutunka ne ma, ga shi ko bushewa bai gama yi ba."

Injiniya ya waiga. Goggo tana tsaye a baranda ta harɗe hannu, ba alamar ceto. Ya dubi katanga, ta fi ƙarfin mai yagaggen wando. Ya ce can ƙasan maƙoshi, "Na ukun."

Baba ya kara hannu a kunne. "Ka san tsufa, kunnen ya yi nauyi. Wa ka ce?"

"Ɓarawon ne," in ji Injiniya, yadda har na ƙarshen layi ya ji.

Baba ya sa biro ya yi masa maki a gaban sunan, ya wangale get har ƙarshe.

"Ka ga amfanin tsari, Yallaɓai. Nan take aka ce."